Sallamar Baffa a Bakin Kufai

Ranar sadakar uku ta Baffa, mata suka yi ta zuwa gidanmu da fasassun tukwane a ka. Ta farko wata tsohuwa ce daga Getso. Ta sauke rabin tulu a ƙofar zaure, ta gyara mayafi, ta shige ciki tana salati. Kafin azahar an tara tsibi guda: tukunyar miya mai baƙin gindi, kaskon tuya da ya rabe biyu, wuyan randa, har da kaskon turare. Daga Kutama an kawo, daga Gammo an kawo, wasu ma a kan jaki. Baƙin da suka zo gaisuwa daga birni sai kallon tsibin suke suna kallon juna. Wani abokin aikina, malamin makaranta kamar ni, ya matso ya raɗa mini, "Malam, wannan kuma wace irin al'ada ce? Ni dai hatsi na san ana kawowa gidan makoki, ban san ana kawo shara ba."

Liman ya ji shi. Bai ko ɗaga kai daga carbinsa ba ya ce, "Ƙyale su. Kowa da abin da ya san mamaci da shi."

A kan tabarmi kuwa kowa da tasa. Dagaci ya ce gari ya yi rashin bango. Wasu dattawa biyu suka kama gardama ƙasa-ƙasa, ɗaya na cewa bawan Allah ne mai gani har hanji, ɗayan na cewa a faɗi gaskiya, tun da aka karɓe masa gona kansa ya ɗan taɓu. Wani direban babbar mota, ƙato mai murya kamar ganga, ya zauna yana share hawaye da hularsa. Yaya, ɗan Baffa na cikinsa, yana can ƙarshen tabarma yana amsa gaisuwa, bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Inna, matar Baffa, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai aiko a gaya mini in an watse in shiga, tana da magana.

Daga Allah muke, gare shi muke komawa, kuma Baffa ya riga mu. Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da shi, kuma don masu cewa kansa ya taɓu su san wanda ya jawo. Ni ne.

Baffa yayan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina rarrafe, Baffa ya ɗauke ni ya haɗa da Yaya ya raine mu a kwano ɗaya. Dogo ne siriri, irin jikin mutanenmu da suka bi shanu kafin su kama fartanya. Ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, a hankali, kamar mai neman izini. In abu ya yi masa daɗi ya ce "Madalla." In bai yi masa ba ya ce "To." Da waɗannan biyun ya riƙe gida shekara da shekaru, mu kuwa tun muna ƙanana muka iya rarrabe "To" ta a ci gaba da "To" ta a nemi wurin ɓuya.

Gonarsa a cikin kufai take, in ka bar hanyar Getso ka nufi wajen Kabo. Gari ne da ya mutu tun kafin kakannin kakanninmu. Ba wanda ya san sunansa, ba wanda ya san abin da ya tashe shi, wasu su ce yaƙi, wasu su ce annoba. Abin da ya rage shi ne guntun ganuwa da ta koma tudu, da bakin rijiyoyin marina da ƙasa ta cike, da wasu manyan kukoki, da tsamiya ɗaya a inda ƙofar garin take a da. Kakanmu ne ya zo da shanunsa ya tarar ba mai son wurin, don mutanen gari tsoronsa suke ji. Ya yi sallama ya shiga ya kafa garke, daga baya ya sa garma. Duk manomi ya san ƙasar kufai, tokar murhu ce da jujin mutane na shekaru aru-aru. Gyaɗa a wurin ba ta san wasa ba. A shekarun da take sarauta, ana jera buhunanta a birni har su zama dala, gonar nan ce ta yi mana rufin kwano, ita ta saya wa Yaya keke, ita ta kai ni makaranta har na fito malami.

Kullum in Baffa zai shiga gona sai ya tsaya a gindin tsamiyar nan. Ya sauke fartanya daga kafaɗa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida." Sai ya yi shiru ya ɗan karkata kai, gwargwadon yadda mutum zai taso daga ƙuryar ɗaki ya amsa. Sannan ya ce "Madalla," ya sa ƙafa.

Shekarar da na dawo daga makarantar horon malamai, kaina ya cika da karatu har hula ba ta zama, na tambaye shi.

"Baffa, wai wa ke amsa maka?"

"Wanda na yi wa."

"Ni fa ban taɓa jin komai ba."

"Ai ba kai ka yi sallamar ba."

"To in ba a amsa ba fa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "A makarantar taku ba a koya muku ba? Sau uku ne. In ba a amsa ba, ka koma."

Dokarsa ta biyu ita ce duk abin da garma ta tono a mayar. Tana kuwa tonowa: tsingaron tukwane, dutsen niƙa da tafin wata mata ya lotsa, guntun ƙarfe, wani lokaci ƙashi. Sai ya kai ƙarshen kunya, ya haƙa rami har gwiwar hannu, ya binne da bisimilla. Yakan ce, "Aron ƙasa aka ba mu, ba a ba mu kayan ɗaki ba."

A shekarata ta biyu da fara koyarwa, ana cirar gyaɗa, na je taya su. Rana ta take tsaka, Baffa ya tafi can ƙarshen gona yin alwala, fartanyata ta bugi wani abu. 'Yar tukunya ce, ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, lafiya lau, an liƙe murfinta da yumɓu. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa sanyi gare shi, kowa ya sani. Ita kuwa da ɗuminta na ɗauko ta, kamar yanzu aka sauke ta daga murhu. Na ce rana ce. Na ɓalle murfin, sai ga jajayen duwatsun wuya irin na da, waɗanda ake kira tsakiya, zarensu ya ruɓe ya bar su. Na karanta a littafi cewa irin waɗannan abubuwa tarihi ne, kuma tarihi ba a binne shi. Ga shi kuma an sa mini ranar aure. Na zari tsakiya ɗaya na jefa a aljihu saboda amarya, na cusa tukunyar a jaka.

Washegari Baffa ya fita gona da sassafe, ya dawo da hantsi ya ce jikinsa ba daɗi. Ni da Yaya muka ƙarasa cirar gyaɗar. Ban sa komai a raina ba.

Da mai duba makarantu ya zo, na ajiye masa tukunyar a kan tebur ina washe baki. Yabo nake nema, na kuwa samu. Bayan wata biyu sai ga mota jif ta tsaya a gindin tsamiya, da wani Bature mai jan wuya da wani malami daga birni riƙe da igiyar awo. Kwana uku suna zagaya ganuwa suna rubutu. Daga baya dagaci ya tara gari aka karanta takarda. Kufai ya zama wurin tarihi na ƙasa baki ɗaya. Ba noma, ba haƙa, ba ɗiban ƙasa, ba kiwo. Wa ya yi tafinta ran nan, da rigarsa ta sha guga? Ni.

Malamin birni ya yi wa mutane albishir. Za a yi hanya, baƙi za su riƙa zuwa daga ko'ina, za a ci arzikin kufai fiye da yadda aka ci na gyaɗa. Baffa ya yi gyaran murya.

"Malam, baƙin nan me za su zo gani?"

"Tsohon gari, Baba."

"Ai babu garin."

"To ai wurin da yake a da, shi za su gani."

Baffa ya ce, "To."

Aka kafa turakun siminti aka zagaye wurin. Aka ba Baffa wata gona a madadi, can wajen Kabo, faƙo ne wanda ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta fito. Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. Masu ginin tukwane da ke ɗibar jan yumɓu a bayan ganuwa suka rasa wurin ɗiba. Burtalin da shanu ke bi zuwa rafi ya faɗa cikin turaku, sai an yi zagayen rabin yini. Mutane suka daina amsa gaisuwata. Wata Juma'a bayan an sallame, Yaya ya tare ni a ƙofar masallaci, ya kaɗe mini hula ta faɗi ƙasa, ya ce, "Karatunka ya cinye gonar ubana. Allah ya isa." Damina ɗaya ya gwada faƙon nan, ya sayar da kekensa, ya tafi birni dakon buhunan gyaɗar wasu. Tun daga ranar tsakanina da shi sai gaisuwar dole.

Baffa kuwa bai taɓa ce mini don me ba. Ran kasuwar Getso da ta biyo bayan faɗan nan, ya kama hannuna, ni gandamemen mutum mai gemu, ya ja ni rumfa-rumfa. Duk inda ya tsaya sai ya ce, "Ɗana ne wannan, malamin makaranta. Ku gaisa." Ba mai iya ƙin miƙa hannu Baffa na tsaye. Ya sayar da san garmarsa, ya ce ai ba shi da sauran aiki, aka yi bikina a ranar da aka sa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar sunan 'yarmu ta fari ya shigo ganin jaririya. Matata ta durƙusa gaishe shi, tsakiyar nan ta leƙo daga wuyanta a jikin baƙin zare. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Allah ya raya," ya fita.

Gaskiya ɗaya ce, malamin birni bai yi ƙarya duka ba. An yi hanya. Hanyar nan ta sa motar gyaɗa ta riƙa shigowa har cikin ƙauye, waɗanda gonakinsu ke wajen turaku suka huta da ɗora wa jaki, suka yi ƙiba. Da rani duk Lahadi sai motoci sun jeru a gindin tsamiya, Turawa da na'urar ɗaukar hoto, 'yan makaranta cike da babbar mota. Mata suka kafa 'yar kasuwa, ga fura, ga dafaffen ƙwai, ga ƙuliƙuli, ga faifai da tabarmi. Ita kanta Inna da ƙwaryar furarta take zama. Baffa aka naɗa mai gadi, da rigar kaki da bai taɓa sawa ba, da ɗan albashin da ba ya ganin tsakiyar wata. Da damina kuwa hanya ta yanke, ko kare ba ya zuwa. Amma shekarar da cuta ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya nannaɗe, gonaki suka tashi a tutar babu, da cinikin gindin tsamiyar nan gidaje da yawa suka ɗora tukunya. Na je na same shi, bakina har kunne.

"Ka gani ko, Baffa?"

"Na gani. Mai ƙishi ba ya raina raɓa." Sannan ya ce, "Amma baƙo raɓa ne, ɗana. Tana jiƙa ganye, ban taɓa ganin ta cika rumbu ba."

Wani abu da kowa ya lura da shi, mai gadin kufai ba ya shiga kufai. Kullum da safe zai zo gindin tsamiya ya yi sallamarsa, ya nemi wuri a waje ya zauna. In baƙi sun zo sai ya hau wani suri da ke bakin turaku, ya riƙa nuni da sanda yana ɗaga murya, "Can marina ce. Inda kukar nan take, nan kasuwa. Ku bi ta dama, kada ku taka tudun can." Mutane suka ce fushi yake da hukuma. Yaya ya ce rantsuwa ya yi ba zai ƙara taka gonar ba saboda ni. Ni ma haka na ɗauka, ina jin zafinta kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Daga kan surin nan ya ga abin da mu ba mu gani ba. Kowane baƙo in zai fita aljihunsa ya yi nauyi. Wannan ya tsinci tsingaro, wancan ya tsinci guntun ƙarfe, kowa da tsarabarsa. Ya ce da ni, "Tun zamanin kakanka muke noma wurin nan, ko tsinke bai fita ba. Yanzu da aka tsare shi, a aljihu zai ƙare." Sai ya shiga bin kasuwanni da gidaje, Getso, Kutama, Gammo, yana sayen fasassun tukwane da goro. Mata suka yi ta dariya, suka kuma riƙa ajiye masa. Ya farfasa su ƙanana, ya binne a garken bayan gida damina guda har su yi kama da tsofaffi. Sannan ya cika kwando, ya bi bakin turaku yana watsa su ciki iya ƙarfin hannunsa, kamar mai watsa iri. Baƙo na shiga su zai fara cin karo da su, ya cika aljihu ya huta. Ina da yaƙinin yau haka tukunyar da Inna ta shekara goma tana kaɗa miyar kuka a ciki tana can ƙetare a kan teburin wani, ana nuna wa baƙi.

Na ce masa wannan ha'inci ne ga tarihi. Ya ce, "Wa na cuta? Ƙasa yake so ya kai gida, na ba shi ƙasa. Su kuma na ciki kayansu na nan."

Masu sayar da fura ne suka fara ganin wata mata a cikin kufai. Da tsakar rana take fitowa, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Mace ce da baƙin saƙi, a sunkuye cikin ciyawa, tana bin tsofaffin kunyoyin da suka riga suka baje, kamar mai roron gyaɗa bayan an cire. Shekara nawa rabon wurin da gyaɗa? Ba wanda ya taɓa ganin shigarta, ba wanda ya ga fitarta, ba wanda ya ga ta miƙe tsaye. Suka gaya wa Baffa, ya ce, "Ku bar ta. Ba gyaɗa take nema ba." Abin dariya, labarinta ya fi ganuwar kawo baƙi. Direban nan da ya yi kuka a wurin gaisuwa, shekaru ya yi yana ciko motarsa da masu son su zauna su jira tsakar rana, cinikin fura kuwa ya ninka.

Ni na ce zancen mata ne, sai ranar da na kai 'yan ajina. Sun shige can wajen marina, ni ina tsaye kusa da Baffa. Tsuntsayen kan tsamiya suka yi tsit gaba ɗaya. Na hango bayan mutum a sunkuye, yana tafiya a hankali, daidai kunyar da fartanyata ta bugi tukunya. Ciyawar da take ratsawa ko motsi ba ta yi. Na ce da ƙarfi, "Wata ce mai neman akuyarta." Na waiwayo, ashe Baffa ba ita yake kallo ba, ni yake kallo.

Hutun da ya biyo baya na shiga mota ban gaya wa kowa ba, na je gidan da ake ajiye irin waɗannan kaya. Na tarar da tukunyar a cikin akwatin gilashi. An jera tsakiyoyin zagaye a kan farin ƙyalle, amma zagayen bai haɗu ba, akwai gurbin guda ɗaya. Mai kula da ɗakin ya ga na ƙura ido, ya ce, "Kai ma ka gani? Duk yadda muka matse su, in mun buɗe da safe sai mu tarar da gurbin nan." Na roƙi a ba ni in mayar inda na ɗauko. Babbansu ya yi mini magana da mutunci, ya ce ba hali, yanzu na ƙasa ne, na kowa da kowa. Da na dawo na gaya wa Baffa haka, ya ce, "Na kowa da kowa. To." Zancen gurbi kuwa na haɗiye shi. Tsakiyar tana wuyan matata, na bar ta a can. Kunya ta hana ni gaya mata daga inda kyautar aurenta ta fito, girman kai ya hana ni yarda cewa tsohon da bai yi karatun boko ba ya fi ni sani. Haka na yi ta cewa gobe.

Da ciwon ajali ya zo wa Baffa, kwana huɗu ya yi a kwance, ana tsakiyar kaka. A na huɗun ya ce a ɗora shi a jaki a kai shi gindin tsamiya. Ni na ja jakin. Ya yi gyaran murya, muryar ta kusa ƙarewa, ya yi sallama ya karkata kai. Ya sake. Ya sake. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "To. Mu koma." Washegari da hantsi ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Da aka watse ran sadakar uku na shiga wurin Inna. Tana zaune a bakin gado, fartanyar Baffa na jingine a bango. Na durƙusa.

"Inna, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Zauna." Ta dube ni. "Yaushe rabon da ka ji Baffanka ya ce Madalla a gindin tsamiyar nan?"

Na bi shekarun nan ɗaya bayan ɗaya a raina, ina ganinsa tsaye, yana sallama, yana saurare, yana juyawa ya zauna a waje.

"Ba fushi ba ne, ba rantsuwa ba ce," in ji ta. "Tun washegarin ranar da ka ɗauko abin nan ba a ƙara amsa masa ba. Ran nan ya dawo ya ce muku jikinsa ba daɗi. Shekara goma sha shida kullum sai ya je ya yi sau uku, ya koma. Shi ya karɓi aron wurin daga hannun ubansa, shi aka rufe wa ƙofa."

"Inna, don me bai gaya mini ba?"

"Ya hana ni ma. Ya ce yaron nan nauyin gonar kaɗai ya ishe shi. Ya ce abin da hukuma ta ɗauka hukuma ce za ta amsa, wanda ke cikin gidanmu shi ne namu, kuma wanda ya ɗauko shi zai mayar da hannunsa, ba don an sa shi ba. Ya tafi yana jira. Ni ba zan iya irin haƙurinsa ba, shi ya sa na faɗa."

Na yi kuka a gabanta irin wanda ban yi ba a bakin kabari.

Da na je wa matata da maganar, ban ma gama ba ta kwance zaren ta miƙo mini. Ta ce, "Na daɗe ina jiran ka tambaya. Da tsakar rana nauyi take mini."

Washegari, rana ta kusa take tsaka, na saɓa fartanyar Baffa na fita. Yaya na zaune a zaure. Ya ga fartanyar ubansa a kafaɗata, ya tashi ya biyo ni daga nesa, ina jin takunsa. Ba ranar baƙi ba ce, gindin tsamiya ba kowa. Na durƙusa a jikin turke, ban sa ƙafa ciki ba, na miƙa fartanyar na karya dokar da na fassara wa gari da bakina. Na haƙa har gwiwar hannu, na sa tsakiyar, na yi bisimilla na rufe. Na miƙe na tsaya inda yake tsayawa. Tsuntsaye suka yi tsit.

"Salamu alaikum, masu gida."

Shiru. Na sake, shiru. Na yi ta uku, na karkata kai yadda yake yi. Ban ji an amsa ba. Amma dab da kafaɗata ta dama, inda ba kowa, aka yi gyaran murya sau biyu, a hankali, aka ce, "Madalla." Sai ciyawar bakin ƙofa ta kwanta, ta gabanta ma ta kwanta, aka bi tsohuwar kunya aka yi ciki da tafiyar dogon mutum wanda ba ya sauri.

Na ji an damƙe mini dantse. Yaya ne. Ya ce, "Ƙanena, ka ji?"

Liman ya ce mamaci yana kabarinsa, sauran kuma waswasi ne na mai sabon rashi. Ban musa masa ba, ya fi ni sani. Tsibin tukwanen da mata suka kawo ni da Yaya muka farfasa, suna can binne a garke suna jiran damina. Masu fura sun ce ba su ƙara ganin matar ba, har direba na ƙorafin ciniki ya ragu.

Allah ka jiƙan Baffa, ka yafe masa, ka yafe mini abin da na ɗora masa. Ya tsaya shekara goma sha shida a bakin ƙofa saboda laifin da ba nasa ba. Ranar da zai yi sallama a ƙofar rahamarka, ya Ubangiji, kada a bar shi tsaye. A amsa masa tun a ta farko.